Zafin duniya: ina masana suka yarda, ina suke gardama?



A ajinmu na dare wani dattijo ya tambaye ni, ya ce: "Malam, an ce hayaƙin mutane ne ke ƙara zafin duniya. Amma na ji wasu sun ce ƙarya ne. Wa za mu bi?" Ga amsar da na ba shi, ku ma ku saurara.

In an ƙona fetur, ko gazuwal, ko gawayin ƙasa irin na Anu Araren, wata iska tana fita. Sunanta karbon. Ido ba ya ganinta. Tana taruwa a sama, tana riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu, in ka raba iska kashi miliyan ɗaya, karbon kashi 280 ne. Yau ya wuce 420.

A 2013 wasu masana suka duba takardun bincike wajen 12,000. Cikin waɗanda suka faɗi ra'ayinsu, 97 bisa 100 sun ce aikin mutum ne ke ɗumama duniya. Akwai kuma ƙungiyar masana ta Majalisar Ɗinkin Duniya, GIEC, wadda aka kafa a 1988. A 2021 ta ce babu sauran shakka.

To, daga ina musun ya fito? Wani ɓangare daga masu sayar da mai. Kamfanin Exxon na Amurka yana da nasa masana. Tun 1982 suka rubuta wa shugabanninsu cewa zafi zai ƙaru. Duk da haka kamfanin ya yi shekaru yana ba da kuɗi ga masu sa wa jama'a shakka. Mai kaya ba ya kushe kayansa a kasuwa.

Amma kada ku ɗauka masana ba sa gardama. Suna yi, har a kan ruwan samanmu. Manya daga cikinku sun tuna farin 1973 da na 1984. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya ce yawan kiwo da rashin ciyawa ne ke korar ruwa. Shekaru da yawa ana ɗora laifin a kan makiyayi da manomi. Wannan ya yi mana ciwo.

Daga baya wasu suka sake aunawa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban dalilin farin yana cikin teku. In zafin ruwan teku ya sake, iskar da ke kawo mana damina ita ma sai ta sake hanya. An kuma gano hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Sare itace yana ɓata ƙasa, gaskiya ne, amma ba gatarin manomi ne ya hana ruwan 1984 ba.

Har yau suna gardama a kan damina mai zuwa: ruwa zai ƙaru a ƙasarmu ko zai ragu? Abin da ma'aunai suka nuna shi ne ruwa mai ƙarfi, na lokaci guda, ya yawaita. A daminar 2024 irinsa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram.

Dattijon nan ya ce zai tambayi malamin gona wane irin hatsi ne mai saurin nuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.