Shin Gyaran da ke Rage Zafi da Kuɗin Wuta Yana Ƙara wa Gida Daraja Wajen Sayarwa?

Kamar yadda jama'a suka sani, tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, magidanta da dama a birni da ƙauye suka jingine janareta suka koma ga sola. Wasu kuma suka sa wa ɗakunansu silin, suka ƙara tagogi, suka sauya ƙwayayen lantarki. Bisa la'akari da haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan tambayar da kan taso a lokacin cinikin gida ko rabon gado: shin kuɗin da aka kashe a irin wannan gyara yana dawowa idan an zo sayarwa?

Amsar ita ce yana ƙara daraja, amma ba kowane gyara ba, kuma da wuya kuɗin ya dawo cif-cif.

Da farko dai, abin da ke yanke farashin gida a wajenmu shi ne inda yake, da girman filinsa, da kusancinsa da hanya da ruwa, sannan da takardunsa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke bayar da shaidar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma tana bayar da ta gargajiya a karkara, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. Gidan da ake rigima a kan iyakarsa, ko nawa aka kashe masa a sola, mai saye zai taya shi da tsoro.

Bayan wannan sai gyaran da ke jikin ginin kansa, wanda shi ne ya fi riƙe daraja. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a yawancin garuruwanmu, kuma ɗakin da ke da rufin kwano ba silin yakan gagari mai shi da rana. Silin mai kyau, da rufi mai tsawo, da tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, da baranda ko inuwar darbejiya a ɓangaren yamma, duk suna rage zafi ba tare da an sayi mai ko an biya kuɗin wuta ba. Mai saye yana shiga ɗakin da azahar zai ji bambancin a jikinsa, ba sai dillali ya yi masa dogon bayani ba. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ma ta ba wa waɗannan abubuwa muhimmanci, wato girman tagogi da inuwarsu da kare rufi daga zafi. Iyayenmu sun riga mu gane haka: soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana da sanyi da rana, da ɗumi a lokacin hunturu. Saboda haka wanda ke da irin wannan ɗaki, in yana samun yaɓe a kan kari, kada ya yi gaggawar rushe shi.

Sola kuwa lissafinta dabam ne, domin kayanta ba tare suke tsufa ba. Faifan da ke kan rufi yakan yi shekaru 20 ko fiye yana aiki, amma batir mai ruwa a cikin zafinmu 'yan shekaru kaɗan yake yi ya gaji, kuma batir yana cikin mafi tsadar kayan. Mai saye da ya san abin da yake yi ba zai biya kuɗin sabo a kan tsohon batir ba. Inda sola ta fi ɗaga farashi shi ne garin da wutar lantarki ba ta kai ba ko ba ta zama, musamman idan ita ce ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. A nan gida ya samu haske da ruwa a lokaci guda.

Akwai kuma ƙananan gyare-gyare masu amfani ga mazaunin gida amma ba sa motsa farashi. Ƙwai goma masu wat 60 suna jan wat 600, alhali goma na zamani masu wat 9 suna ba da haske kusan ɗaya da wat 90 kacal. Wannan tsimi ne na gaske, sai dai kowa na iya sayen su a kasuwa, don haka ba wanda zai ƙara kuɗin gida saboda su.

A ƙasashe irin su Ingila doka ta wajabta wa mai sayar da gida ya nuna takardar da ke bayyana yawan makamashin da gidan ke ci. Mu a nan ba mu saba da wannan ba, shaidar mai sayarwa ita ce rasit. Don haka muna ba magidanta shawara su adana rasit da takardar garanti ta kowane kaya, su biya bashin wuta kafin su sa gida a kasuwa, su kuma faɗi gaskiyar shekarun batir, domin ɓoye aibi shi ke mayar da ciniki gaban alƙali.

Har ila yau muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da jami'an filaye na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne shaidu a yawancin cinikin gidaje, da su tabbatar an rubuta a takardar ciniki ko faifan sola da batir da inbata da famfon ruwa suna cikin abin da aka sayar, da adadinsu ɗaya bayan ɗaya. Layi biyu a takarda ya isa ya hana mai saye ya tare ya tarar an kwance kayan daga rufi, ya kuma hana maƙwabtaka lalacewa.

Wanda zai zauna a gidansa shekaru masu yawa, ya yi gyaran, domin zai ci moriyarsa tun kafin ranar sayarwa. Wanda kuwa ke shirin sayarwa bana, ya fara da takardu da rufi da silin, ya bar wa mai saye zaɓin batir.