Noman Ƙwarewa a Wasan Minecraft: Ƙa'idojin Gina Gona Mai Albarka

Gabatarwa

Minecraft yana daga cikin wasannin kwamfuta da suka fi bazuwa a duniya. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya ƙago shi, ya fara fitar da shi a 2009, sa'an nan kamfanin Mojang ya fitar da cikakkensa a watan Nuwamba na 2011. A 2014 kamfanin Microsoft ya sayi Mojang a kan dala biliyan biyu da rabi, kuma a 2023 aka ba da sanarwar cewa an sayar da kofi fiye da miliyan 300 na wasan. Duniyar wasan kuwa da tubala masu kusurwa huɗu aka yi ta, ƙasa da dutse da itace da ruwa duka. Ɗan wasa yana haƙa, yana gini, yana ƙira, kuma da dare ya yi sai dodanni su fito neman ransa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gina abin da masu wasan ke kira gonar ƙwarewa, tare da nuna cewa albarkar gonar tana rataye ne a kan sanin dokokin da wasan ke gudana a kansu. Wasan kashi biyu ne, akwai na Java, akwai na Bedrock, kuma dokokinsu sun ɗan sha bamban. Lissafin da za a kawo a nan na Java ne.

Ƙwarewa da amfaninta

Ƙwarewa wasu 'yan ƙananan ƙwallaye ne masu ƙyalli, kore-kore da rawaya, waɗanda kan zubo idan ɗan wasa ya kashe dodo, ko ya haƙo gawayi ko lu'ulu'u, ko ya narka ƙarfe, ko ya yi ciniki da mutanen ƙauye. Makin da ke cikinsu shi ke ɗaga shi daga mataki zuwa mataki. Da waɗannan matakai ne yake tsafe takobinsa da digarsa da sulkensa a teburin tsafi, domin su ƙara kaifi ko ƙarko, kuma da su yake biyan ladan gyara a uwar maƙera. Tsafi mafi ƙarfi ba ya samuwa sai mutum ya kai mataki na 30, ya kuma kewaye teburin da kantocin littattafai 15. Har ila yau akwai tsafin gyara, wanda ke sa kayan aiki su sha makin ƙwarewa su gyara kansu, kowane maki ɗaya ya mayar musu da ƙarko biyu.

To, daga farko zuwa mataki na 30 ana bukatar maki 1,395. Galibin dodanni, irin su zombi da ƙwarangwal da gizo-gizo da kirifa mai fashewa, maki 5 kowannensu ke bayarwa. Ke nan sai an kashe dodo 279 kafin a kai ga buƙata. Wanda ya ce da yawon dare zai tara wannan adadi zai kwana da yawa yana fama, domin yini da dare a wasan minti 20 ne kacal, ga kuma haɗari. Idan ajali ya same shi a hanya, matakansa duka sun zube, abin da zai iya tsinta a wurin da ya faɗi ba ya wuce maki 100, ko da ya kai mataki na hamsin. Wannan hasara ita ta sa masu wasan suka koma ga dabarar gona, watau ginin da ke tara dodanni wuri ɗaya, ya raunana su, ya miƙa su ga takobi ba tare da sun iya ramawa ba.

Sharaɗin da ba a tsallake shi

Kafin a aza tubali ko ɗaya, tilas maginin ya riƙe doka guda: dodo ba ya zubar da ƙwarewa sai in ɗan wasa ne ya kashe shi, ko kyarkecin da ya hora, ko kuwa ya mutu cikin daƙiƙa 5 bayan bugun ɗan wasa. Dodon da ya faɗo daga bisa ya mutu, ko wuta ta cinye shi, ƙashi ko kibiya ko albarushi kurum zai bari. Hausawa kan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Saboda haka gonar ƙwarewa ta bambanta da gonar tara kaya. Ita aikinta ta kai dodo bakin mutuwa, ta bar wa mai ita bugun ƙarshe. Aikin kuwa ya kasu gida huɗu: haihuwar dodanni, da kora su, da raunana su, da kashe su. Duk inda ɗaya ya yi rauni, sauran ukun sai su tsaya jiransa.

Haihuwar dodanni

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi ga sabon shiga, ita ce amfani da maƙyanƙyasa. Wannan wani keji ne da ake tararwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da ɗan siffar dodo yana juyi a cikinsa. Ba ya aiki sai ɗan wasa yana cikin tazarar tubala 16 daga gare shi. Yakan fitar da dodanni har huɗu a lokaci guda, sa'an nan ya huta tsakanin daƙiƙa 10 zuwa 40. Idan kuwa irin dodon nan sun kai shida a kewayensa, sai ya daina haihuwa har a rage su. Daga waɗannan dokoki ne tsarin ginin ya fito. Ana faɗaɗa ɗakin tubala huɗu ta kowane gefen kejin, watau tara sau tara, a zurfafa daɓen, a cire fitilu, a sa ruwa ya kwashe dodannin da zarar sun sauka. Sai dai maƙyanƙyasa tana da iyaka. Ko da komai ya tafi daidai, huɗu a kowace daƙiƙa 25 bisa matsakaicin lissafi, za a shafe kusan rabin awa kafin a kai mataki na 30.

Hanya ta biyu ita ce ɗakin duhu, inda ake dogara ga haihuwar da wasan ke yi da kansa. Tun daga sabuntawar 1.18 ta ƙarshen 2021, dodannin doron ƙasa ba sa fitowa sai a wurin da hasken fitila bai taɓa ba ko kaɗan. Ba a haifar su a cikin tazarar tubala 24 daga ɗan wasa, wanda ya wuce tubala 32 yakan daina yawo, wanda kuwa ya zarce 128 nan take yake ɓacewa. Muhimmin abu a nan shi ne wasan ba ya barin yawan mugayen dodanni ya wuce 70 ga mai wasa shi kaɗai. Wannan adadi kuwa da gonar da kogunan ƙarƙashin ƙasa ne ke rabonsa. Sau da yawa mutum kan gina ƙaton ɗaki a fili, ya zauna jira, ya ga ba abin da ke zuwa, alhali dodanninsa saba'in suna can tsaye a kogon da bai san da shi ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Magani biyu ne: ko dai a bi kogunan kewaye duka a haskake su, wanda aiki ne ja, ko kuwa a gina gonar a sararin sama, wurin tsayuwar mai ita ya kai tubala 128 daga fuskar ƙasa ko ta teku. Da haka ba wani wurin duhu da ya rage a cikin da'irar sai gonar kanta.

Kora da raunanawa

Tun da yake akwai iyakar adadi, kowane dodon da ya daɗe a raye yana tare wa wani gurbi ne. Ashe ke nan saurin fitar da dodo ya fi faɗin ɗaki muhimmanci. Ruwa shi ne babban makiyayi a wannan gona. A shimfiɗaɗɗen wuri yakan mamaye tubala takwas in an haɗa da tushensa, don haka ake yin magudanu huɗu masu wannan tsawo, su haɗu a bakin rami guda a tsakiya. A gefen magudanun akan liƙa ƙyamaren katako a bar su a buɗe, domin dodanni kan ɗauke su tamkar daɓe ne, su taka su rufta cikin ruwa. In ana son a hau da su sama kuwa, tun daga sabuntawar 1.13 ta 2018 akwai dabarar sa yashin ruhi a gindin rijiyar ruwa, kumfar da yake fitarwa ta cilla su sama da sauri. Amma a kula, zombin da kansa ya daɗe a nutse yakan rikiɗa ya zama dodon ruwa.

Raunanawa kuwa da faɗuwa ake yin ta. Zombi da ƙwarangwal da kirifa kowannensu makin rai 20 gare shi, watau zuciya goma. Faɗuwar tubala uku ba ta cutarwa, amma kowane tubali bayan na uku yana cire maki ɗaya. Ramin tubala 22 ke nan zai cire 19, ya bar dodo da ɗan abin da naushi guda zai ƙarasa. In ramin ya zarce haka dodannin su mutu a banza, in ya gaza hannu ya gaji, takobi ya ci. Gizo-gizo shi ne ɗan tawaye a cikinsu, domin ransa 16 ne, ga faɗi, ga hawan bango, yakan toshe ramin. Ana hana shi fitowa ta hanyar jera rabin tubali ko kafet a dandamalin haihuwa, yadda ba zai sami filin da ya ishe shi ba.

Wurin girbi

A gindin ramin ake yin wurin girbi. Daɓensa mazurari ne da ke zuba kaya cikin akwati, a gabansa kuma akan bar kafa mai tsawon rabin tubali daidai ƙafafun dodanni. Ta nan takobi ke shiga, ƙwallayen ƙwarewa ke fitowa, amma ƙwarangwal ba ya samun harbi, kirifa ba ya ganin mutum balle ya fashe, jaririn zombi kuma ba ya iya kutsowa. Kada a bar dodanni su taru da yawa da nufin a girbe su gaba ɗaya, domin da zarar sun wuce 24 a gurbi guda sai matsi ya shiga kashe su, makinsu ya tafi a iska. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Takobi mai tsafin shara, wanda sara ɗaya ke taɓa duk na kusa, shi ne ya fi dacewa, kuma in yana da tsafin gyara ba zai taɓa karyewa a wurin ba.

Manyan gonaki

Wanda ya yi nisa a wasan yana da hanyoyin da suka fi waɗannan yalwa. A duniyar Nether akwai maƙyanƙyasar dodon wuta, wanda ke ba da maki 10. A duniyar End kuwa, bayan an kashe babban macijin nan mai fukafukai, wanda kisansa na farko ke zubar da maki 12,000, akan shimfiɗa gada a yi nisa da tsibirin fiye da tubala 128, a gina dandamali a kan sarari. Da yake ba wani wuri a kewaye, duk endaman da za a haifa a kan dandamalin zai sauka. Shi endaman ruwa na cutar da shi, yana kuma ɓacewa ya bayyana a wani wuri, saboda haka ba a kora shi da ruwa. Tarko ake ɗana masa da wani ɗan ƙwaro da ya tsana, a sa ƙwaron cikin keken jirgin ƙasa a bisa bakin rami, a raɗa masa suna da alamar suna don kada ya ɓace bayan minti biyu. Ransa 40 ne, don haka raminsa kan kai kusan ninki biyu na ramin zombi. A irin wannan gona ana kai mataki na 30 cikin 'yan mintuna.

Akwai kuma gonar da ba a zubar da jini a cikinta. Tanderu yana ajiye makin duk abin da ya gasa ko ya narka, ƙarfe 0.7, dankali 0.35, ciyawar teku 0.1. In mazurari ne ke ɗura masa kaya yana kwashewa, makin na nan yana taruwa har ranar da mai shi ya ciri abu ɗaya da hannunsa, sai a zubo masa duka. Tafiyarta sannu ce, amma tamkar asusu take.

Kashe abin da aka noma

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne bayan girbi. Farashin mataki ƙaruwa yake yi. Daga farko zuwa mataki na ɗaya maki 7 ne, daga 29 zuwa 30 kuwa 107 ne. Daga mataki na 30 zuwa na 40 ana cin maki 1,525, wanda ya fi abin da aka ci tun daga farko har zuwa 30. Teburin tsafi kuwa matakai uku yake karɓa, ba ruwansa da tsadarsu. Wanda ya yi tsafi yana mataki na 30 ya koma 27, maki 306 zai mayar da shi, watau dodo 62. Wanda ya jira har ya kai 40 zai biya matakai ukun da maki fiye da 500, a kan tsafi iri ɗaya. Hikima ke nan a ajiye teburin tsafi da uwar maƙera a jikin gonar, ana kaiwa 30 a kashe, a koma bakin kafa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gonar ƙwarewa lissafi ce kafin ta zama gini. Maginin da ya san tazarar 24 da 32 da 128, da iyakar dodo 70, da zurfin tubala 22, ya kuma tuna bugun ƙarshe nasa ne, zai sami da ƙaramin ɗaki abin da mai ƙaton gini a kan kogo bai samu ba. Sai dai dokokin wasan kan sauya daga wata sabuntawa zuwa wata, kamar yadda dokar haske ta sauya a 2021, kuma na Bedrock ba su zo ɗaya da na Java ba. Ya kamata duk mai niyyar gini ya fara tabbatar da irin wasan da ke hannunsa, ya gwada ramin da dodo ɗaya ya ga yadda zai sauka, kafin ya ɓata lokacinsa wajen jan tubala dubu zuwa sararin sama.