Kwamfutar Gwanjo Da Takardar Izininta

A ɗakin kwamfuta na makarantarmu akwai injuna goma sha biyu, kuma ko ɗaya babu sabuwa a cikinsu. Wata ƙungiyar taimako ce ta gyara su ta kawo, tun kafin mu shigo aji ɗaya. Ran nan ina sharar ɗakin, da yake aikina ke nan kowace Asabar, sai na lura a jikin kowace akwai 'yan takardu biyu manne, ɗaya ta koɗe, ɗaya da sauran ƙyallinta. Na tambayi Malam. Ya ce, "Yaro, ta biyun nan ita ta halatta mana aiki da injin." Bayanin da ya yi mini shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai.

Kwamfuta dai abu biyu ce. Akwai ƙarfen da muke gani, akwai kuma manhajar da ke tafiyar da shi, kamar Windows. Wanda ya biya kuɗin Windows bai mallake ta ba, izinin aiki da ita kurum aka sayar masa, wato lasisi. To, idan wani banki ko ofis a Turai ya tashi ba da tsofaffin injunansa, sai an goge duk abin da ke ciki tukuna, don kada asirin mutane ya fita. Injin ya zo hannun masu gyara fayau, kamar ƙwaryar da aka wanke. Sau da yawa kuma lasisin na ofishin ne, ba ya bin injin. Sayen sabo kuwa yakan fi kuɗin tsohuwar kwamfutar kanta. Ƙungiyar da ba riba take nema ba, ina za ta samo wannan kuɗi? In ta sa kwafin sata ta karya doka, ga kuma cutar kwamfuta da kan biyo shi.

Saboda haka kamfanin Microsoft ya fito da hanya. A 2007 ya buɗe shirin Microsoft Authorized Refurbisher domin manyan masu gyara, a 2010 kuma ya buɗe Registered Refurbisher domin ƙanana, har da ƙungiyoyin taimako, suna samun lasisi a kan kuɗi kaɗan. Mai gyara yakan duba tsohuwar takardar da ke shaida cewa injin da Windows ta gaskiya ya fito, ya goge shi, ya zuba sabuwa, sa'an nan ya manna takarda ta biyu. Ashe abin da na gani ke nan! An rufe shirin ƙananan a 2020. Akwai kuma TechSoup, wadda aka kafa a San Francisco a 1987 da sunan CompuMentor. Ita tana karɓar kyautar manhaja daga kamfanoni ta raba wa ƙungiyoyi, su biya ɗan ladan hidima.

Ni a ganina kyautar nan ba sadaka ce zalla ba. Yaron da ya koyi aiki da Windows yana aji uku, in ya girma ita zai nema ya saya. Ban ga laifin haka ba, tun da mu ma mun amfana. Abin da ya dame ni shi ne kyautar tana da wa'adi. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali Windows 11 tana bukatar wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin injuna da yawa ba su da shi. Namu suna ciki. Lafiyarsu lau, amma ba su ɗaukar sabuwar.

Wasu masu gyara tun farko ba su bi ta nan ba. Ƙungiyar Free Geek, wadda ta fara a Portland ta Amurka a 2000, Linux take zuba wa injunanta, manhajar da Linus Torvalds ya soma a 1991, kuma kowa yana da izinin kwafarta kyauta. Zangon da ya wuce Malam ya gwada ta a kan biyu daga cikin namu. Ɗalibai suna gudunsu don ba su saba ba, shi ya sa ni kullum nake samun kujera ba tare da na bi layi ba.