Wane ne baƙo a Yendi?

Duk wanda ya je Salaga ya nemi a zaga da shi tsofaffin wurare, zai ji sunaye biyu da Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kansu: Wankan Bayi da Rafin Angulu. A na farko ake wanke mutanen da aka kamo kafin a kai su kasuwa. A na biyu ake jefar da gawar wanda bai kai ga mai saye ba. Tun da da harshenmu aka raɗa wa wuraren nan suna, ba mu da damar cewa labarin wasu ne.

Kakanninmu fatake sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da jakuna zuwa Gwanja neman goro, kuma Salaga ce babbar kasuwar. Amma ba goro kaɗai ake cinikinsa a can ba. Tun cikin ƙarni na 18 Gwanja da Dagomba suke biyan Asante gandu, cikin abin da suke kaiwa har da bayi. Masu sarauta ba za su ba da 'ya'yansu ba, sai suka juya kan ƙabilun da ba su da babban sarki ko rundunar dawaki, irin su Konkomba da Gurunsi. Daga baya mayaƙan Zabarmawa suka ƙara wa wutar itace a ƙasar Gurunsi. Jagoransu Babatu a Yendi ya rasu a 1907, kabarinsa kuwa yana nan cikin gari. Salaga kanta yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, fatakenta suka koma Kete Krachi da Yeji da sauran zanguna. Kasuwar ta mutu, amma rabon mutane gida biyu, masu asali da waɗanda ake wa kallon bayi, bai bi ta kabari ba.

Turawa sun tarar da wannan rabo, suka sa masa hatimi. Jamusawa suka ci Dagomba a Adibo a 1896. Bayan yaƙin duniya na farko Yendi ta koma hannun Ingila, su kuwa Ingilishi sun fi son yin mulki ta hannun sarakuna, kamar yadda suka yi a Arewacin Nijeriya. Cikin shekarun 1930 suka tsara mulkin gargajiya a kan masarautun Dagomba da Mamprusi da Gwanja da Nanumba, suka sa sauran ƙabilu ƙarƙashinsu. Konkomba suna da masu kula da ƙasa da dattawan dangi, sai dai Bature bai ga rawani ba, bai ga fada ba, don haka bai lissafa su ba. Mutum ya noma doyarsa, ya kai gaisuwa gidan sarkin da ba ya jin harshensa, in rigima ta taso a can za a yi masa shari'a, a can za a ci shi tara.

Samun 'yancin kai a 1957 bai warware wannan ƙulli ba. Tsarin mulki na 1979 ya fitar da filayen arewa daga hannun gwamnati ya mayar wa masu su na gargajiya, abin da a aikace ya zama manyan sarakuna. Wanda ba shi da babban sarki ya wayi gari tamkar ɗan haya a gonar da kakansa ya share. A 1981 aka yi faɗa tsakanin Konkomba da Nanumba. A 1993 ƙungiyar samarin Konkomba ta kai takarda ga majalisar sarakuna ta ƙasa tana neman a ba su nasu babban sarki a Saboba. Amsar da ta yi ta yawo a bakin mutane ita ce, ai su baƙi ne daga Togo. Maganar nan tana da ban mamaki, domin Yendi da kanta tana cikin Togon da Jamus ta mulka, kuma sai bayan ƙuri'ar 1956 yankin ya shiga Gana. Masana tarihi da yawa ma sun rubuta cewa Konkomba suna zaune a wajen kafin Dagomba su dawo da fadarsu gabas. Dagomba kuwa suna da tasu hujja: ƙasa ta Ya Na ce tun ɗaruruwan shekaru, ba kuma a tsallake shi a nemi sarauta a kanta.

A ƙarshen Janairu 1994 gardama ta tashi kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla. Shi ya sa ake kiransa yaƙin zabo, suna mai sa wanda bai sani ba ya yi dariya. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama Nanumba da Dagomba da Gwanja. Alkaluman hukuma sun ce an kashe mutum wajen 2,000, an ƙona ƙauyuka fiye da 400, mutum fiye da 150,000 sun bar gidajensu. Kowane ɓangare ya binne nasa, kowane ɓangare kuma ya yi abin da ba zai so a tuna masa ba. Bayan yaƙin, Konkomba sun daɗe ba sa iya shiga kasuwannin Yendi da Tamale. Sai da aka yi ta zama a Kumasi kafin a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a 1996, aka kuma ɗaga darajar wasu sarakunan Konkomba, har da na Saboba.

A Bawku rigimar ta ɗauki wata kama, amma tambayar ɗaya ce: wa ke da ƙasa, wa ya zo daga baya? An ba Kusasi sarauta a 1958, dokar soja ta 1966 ta mayar wa Mamprusi, wata dokar ta 1983 ta sake mayar wa Kusasi, jini kuma ya yi ta zuba a tsakani.

Mu mutanen zango ya kamata mu fi kowa jin ɗacin kalmar baƙo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga ƙasa. Aka cika motoci da mutanen da aka haifa a Kumasi da Akara, waɗanda ba su taɓa ganin Sakkwato ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Har yau ɗan zango da ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo yakan gamu da ƙarin tambayoyi saboda sunansa kawai, Bafulatani kuwa nasa ya fi tsanani. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda launi ko ƙabila ko addini, kuma an ga canji. Alhaji Aliyu Mahama, haifaffen Yendi, ya riƙe mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009. Dominic Nitiwul, ɗan Konkomba, ya wakilci Bimbilla, fadar Nanumba, a majalisa, ya kuma zama ministan tsaro a 2017.

Inda doka ba ta kai ba shi ne zauren gidajenmu. Muna koya wa yara tarihin Bilal a makarantar allo, muna karanta musu huɗubar ban kwana da ta rushe fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, sannan da yamma su ji uwa tana zagin ɗanta da sunan wata ƙabila. Abin ya fi fitowa fili ranar neman aure. Saurayi ya musulunta shekara 10, yana sahun farko a masallaci, yana da sana'a, ba wanda ya san shi da abin kunya. Iyayen yarinya su karɓi goron gaisuwa da fara'a, sannan a aika wata tsohuwa ta binciko asali. Ba ta tambayar sallarsa ko halinsa, domin unguwa duka ta san su. Abin da take nema shi ne garin kakansa, da harshen da ake yi a gidansu, da ko akwai tsaga a fuskar ubansa. In amsar ba ta yi daɗi ba, sai a ce wa wakilansa an riga an yi wa yarinyar miji tun tana ƙarama.