Cajar Mota a Gareji: Tana Ƙara wa Gida Kuɗi Kuwa?

A Amurka da Ingila, inda motoci masu amfani da lantarki ke ƙara yawa, mai gida kan sayi na'urar caji, ya biya mai aikin wuta ya kafa masa ita a gareji, yana sa ran in ya tashi sayar da gidan kuɗinsa za su dawo har da riba. Sau da yawa ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana ga yadda ake yi wa gida kuɗi a can. Kafin banki ya ba mai saye bashi, sai ya turo ƙwararren mai ƙiyasi, shi kuwa ba ruwansa da rasit. Aikinsa ya nemo gidaje makamanta da aka sayar kwanan nan a unguwar, ya kwatanta, ya ƙara ko ya rage gwargwadon abin da masu saye suka biya. In bai ga shaidar cewa gida mai caja ya fi tsaransa tsada saboda cajar ba, to ba shi da hujjar rubuta ƙari. Wata cajar ma ba ta shiga lissafi sam: wadda ake sokawa a soket, mai gida na iya zare ta ya tafi da abarsa, don haka kayansa ce, ba jikin gida ba.

Abin da ke da daraja yana bayan bango. Soket na yau da kullum a Amurka volt 120 ne, mota kan kwana a kansa batirinta bai ko kusa cika ba. Caja mai sauri sai da layi nata mai volt 240, alhali tsoffin gidaje da yawa akwatin rarraba wutarsu amfiya 100 ne kacal, ga murhu, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga injin busar da tufafi duk a kansa. Mayar da shi amfiya 200 aiki ne na dubban daloli, ga neman izini, ga jiran kamfanin wuta. Wanda ya tarar an gama wannan, an ja waya mai kauri har gareji, lalle an sauke masa nauyi. Ita kuwa na'urar saurin tsufa gare ta. A 2023 Ford da General Motors suka sanar da komawa ga irin bakin cajar Tesla, amma wayar da ke cikin bango ba ta san an yi ba.

Dillalai za su ce ai gidaje masu caja sun fi tsada, kuma sun fi saurin shiga. Ko da an yarda, sai a tambaya: waɗanne gidaje ne? Galibi na masu hali ne, a unguwanni masu tsada, masu gareji ko filin ajiye mota. Wannan filin shi ne jarin. A Birtaniya harajin VAT kan wutar gida kashi 5 ne cikin ɗari, kan cajar bakin titi kashi 20, ban da rangwamen wutar dare da mai caji a gida ke mora. Mazaunin gidan da ƙofarsa ke buɗewa kan titi galibi ba shi da wannan gata.

Wasu kuma na cewa a jira, in motocin suka cika gari darajar cajar za ta fito. A ganina lissafin juyewa zai yi. Tun watan Yunin 2022 dokar gini a Ingila ta wajabta caja a sabon gida mai wurin ajiye mota. Abin da kowane sabon gida ke da shi ba a biyan ƙari dominsa, kamar yadda ba a ƙara wa gida kuɗi don yana da famfo. Tsohon gidan da wayarinsa ba zai ɗauki caja ba shi zai sha ragi, domin mai saye zai lissafa kuɗin gyaran ya cire daga tayinsa.