Kwanciya Da Zaman Mai Shanyewar Jiki: Aikin Da Ke Hannunmu

A nan Illela, bakin iyakarmu da Birnin Konni, akwai gidajen da za ka tarar da yaro kwance kan tabarma tun safe har dare, bai iya zama ko juyawa da kansa. Wasu doguwar naƙuda ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, wasu shawara ta jarirai, wasu kuwa sanƙarau, irin annobar da ta auka wa Arewa a 1996. Iyaye sukan zuba ido ga magani, alhali yadda yaron ke kwanciya da zama shi ke ƙaddara siffar jikinsa nan gaba.

Jikin da ba ya motsi yakan bi yadda aka ajiye shi. In yaro ya shekara yana kwana da gwiwoyi sun faɗa gefe guda, kwatangwalo na iya gocewa, ƙashin baya ya karkace, ƙirji ya matse har numfashi ya yi wuya. Inda ƙashi ke danne fata kuma gyambo ya fito.

Gyaran bai bukatar kuɗi masu yawa. In yana rigingine, a sa matashi ƙarƙashin gwiwoyi, a tokare cinyoyi ta gefe da naɗaɗɗen zane. In a gefe yake, matashi ɗaya tsakanin ƙafafu, ɗaya a baya. Ƙaramin buhu da aka cika da ƙaiƙayin gero ya isa. A riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2, ana duba fata ko ta yi ja ko duhu.

Wajen zama, ɗuwawu su kai ƙarshen kujera, tafin ƙafa ya taka wani abu, kai ya miƙe. Kada a ba shi kunu yana kwance, domin yana iya ƙwarewa, abincin ya bi ta huhu. A ƙasar Zimbabuwe an daɗe ana yin irin wannan kujera da kwali da takarda da kunun fulawa, kwali kuwa ba ya yankewa a kasuwar Illela. Amma kafin kafinta ya auna, a kai yaron sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, domin abin da ya dace da wani zai iya cutar da wani.

'Yan'uwa, uwa ɗaya ba za ta iya wannan dare da rana ba. Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan na Markus sura 2. Zumuntar Mata za ta iya ɗinka matasan kai, samari su haɗa kujeru, mu kuma mu tanadi wuri a majami'a inda yaron zai zauna a miƙe yana ganin fuskokin jama'a. Bari kowace ikilisiya ta fara da ƙidaya irin waɗannan gidaje a unguwarta, na Kirista da na maƙwabtanmu Musulmi.