Rashin Gani Nesa da Rashin Gani Kusa: Yadda Suke Faruwa da Hanyar Gyara Su

A makarantun Jalingo, kamar na sauran biranen ƙasar nan, ba a rasa yaron da ke ƙanƙance idanu idan ya dubi allo, ko ya riƙa leƙa littafin na kusa da shi yana kwafa. Sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin malalaci ko mai ƙarancin fahimta, alhali kuwa rubutun malami ne ba ya gani sosai. Masana lafiyar ido sun bayyana cewa gwaji na 'yan mintoci da tabarau da ya dace sun isa su raba irin wannan yaro da matsalarsa.

Domin mutum ya ga abu garau, dole ne hasken da ya shiga ido ya tattaru daidai a kan tantanin da ke bayan ido, wanda ke aika hoton zuwa ƙwaƙwalwa. Tsawon idon babban mutum daga gaba zuwa baya kimanin milimita 24 ne, kuma ƙari ko ragi na milimita 1 kacal kan sauya gani ƙwarai.

Idan ido ya yi tsawo fiye da kima, ko fatar gabansa ta cika lanƙwasa, sai hasken ya tattaru kafin ya kai ga tantanin. Mai wannan matsala yana karanta littafi ba wahala, amma abin da ke nesa yana zame masa dishi-dishi. Wannan shi ne rashin gani nesa, kuma yakan fara ne tun yarinta, ya riƙa ƙaruwa yayin da yaro ke girma. Gado yana da hannu a ciki, haka ma yawan aikin kusa da ƙarancin fita waje. Ana gyara shi da gilashi mai sirantaka a tsakiya, wanda ake rubuta lambarsa da alamar ragi.

Idan kuwa ido ya gajarce, hasken yakan isa tantanin tun bai gama tattaruwa ba. Wannan shi ne rashin gani kusa. Yaro mai wannan lalura yakan tilasta wa idonsa har ya gani, don haka ba a saurin gane shi. Alamominsa su ne ciwon kai, gajiyar ido da ƙin karatu. Idan ya yi tsanani yana iya jawo harara-garke, ko ido ɗaya ya yi rauni na dindindin muddin ba a kula da shi tun yaron yana ƙarami ba. Maganinsa gilashi ne mai kauri a tsakiya, mai alamar ƙari.

Akwai kuma matsala ta uku da ake yawan haɗawa da wannan. Daga kimanin shekara 40, madubin cikin ido yakan fara tauri, sai mutum ya riƙa nisanta takarda ko waya kafin ya karanta, tela kuma ya kasa zura zare a allura. Wannan halin shekaru ne da ke samun kowa, kuma tabarau na karatu ke gyara shi.

Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa rashin tabarau da ya dace shi ne kan gaba wajen haddasa matsakaicin raunin gani, yayin da yanar ido ce ke kan gaba wajen makanta. Binciken ya kuma nuna cewa makanta ta fi yawa a shiyyar Arewa maso Gabas, inda Jihar Taraba take. A duniya baki ɗaya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke fama da raunin gani, kuma wani nazari na 2016 ya yi hasashen cewa nan da 2050 kusan rabin al'ummar duniya za su kasance da rashin gani nesa.

Gwajin ba shi da zafi. Mutum yakan tsaya tazarar mita 6 daga allon haruffa, irin wanda likitan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro a 1862. Wanda bai iya boko ba kuma akwai allon da zai nuna inda alama ta fuskanta. Mazauna Jalingo na iya neman wannan gwaji a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jihar, manyan matsaloli kuma akan tura su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Likitoci na gargaɗi kan sayen tabarau a kasuwa ba tare da gwaji ba, domin idanu biyu kan bambanta a lamba, kuma dishi-dishin na iya zama alamar hawan jinin ido ko ciwon sukari. Haka nan tabarau ba ya lalata ido kamar yadda wasu ke zato, kuma kwalli ko ɗiga ruwan ganye ba sa sauya tsawon ido. Masu rashin gani nesa mai tsanani suna buƙatar dubawa a kai a kai, saboda sun fi fuskantar haɗarin ɓallewar tantanin bayan ido.

Ana shawartar iyaye su bar yara su yi wasa a waje kamar awa 2 a rana, su rage musu kallon waya, su kuma kai su gwaji kafin shiga firamare. Malamin da ya ga ɗalibi yana matsowa gaban allo kullum, ya sanar da iyayensa ba tare da ɓata lokaci ba.